Neyon nawa zai ishi gareji, kuma wane iri? Amsa ga mai tambaya daga Ali Ɗan Sofo

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin unguwar Ali Ɗan Sofo ne a nan Maradi. Ina da gareji a gida, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 4, rufin kwano ne babu silin, bangon kuma siminti ne ba fenti. A nan nake ajiye mota, a ƙuryarsa kuma na kafa tebur inda ɗana ke gyaran moto da yamma. Akwai dutsen wasa ƙarfe mai lantarki da ƙaramin injin walda. Ƙwai ɗaya ne tak a tsakiyar rufi, da dare sai an haɗa da tocila. Wani mai shago ya yi mini tayin neyon mai santimita 120 da araha, wani kuma ya ce in rabu da shi in sayi LED. Neyon nawa zai ishe ni, wane iri kuma zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaron albarka, ya sa sana'ar ta zame masa abin dogaro.

Bari in ba ka amsar a dunƙule kafin in warware ta. Neyon shida masu santimita 120: huɗu a jere biyu, kowane jere kusa da bango, biyu kuma a kan tebur da makunninsu daban. Amma in ka ɗauki wannan adadin kawai ka nufi shago, to rabin amsar ka ɗauka. A garin nan ba kasafai gilashin neyon ke ba da matsala ba. Abin da ke kashe haske a garejinmu shi ne inda aka rataye shi, da gidan da aka sa shi, da balas ɗin da ke ɓoye a ciki, wato abin da ke daidaita masa wuta, yana fama da zafi da ƙura da kuran (wutar lantarki) mai hawa da sauka. Na daɗe ina wannan aiki, kuma yawancin garejin da aka kira ni don "haske ya yi kaɗan", ba ƙarin ƙwai suke buƙata ba, gyaran wurin zama suke buƙata.

Mu fara da ƙwanka na tsakiyar rufi. Ko ka sa mai ƙarfi ninki uku, ba zai raba ku da tocila ba, don mota ce a ƙarƙashinsa. Rufin motar yake haskawa, wurin da ba wanda ke aiki. Gefen mota, tayoyi, ƙasa, duk suna cikin inuwa. In aka ɗaga murfin inji, shi ma sai ya zama laima ya tare ɗan hasken da ya rage. Yaron kuma yana tsaye a tebur, ƙwan yana bayansa, inuwar kansa da kafaɗunsa na faɗawa daidai kan abin da yake kwancewa. Shi ya sa na ce jere biyu, kowanne ya bar bango da kamar santimita 60 zuwa 80, neyon ya bi tsawon garejin, ta yadda haske zai sauka a hanyar da mutum ke bi tsakanin mota da bango, ya kuma shiga cikin inji ta gefe biyu. Na tebur kuwa a rataye su sama da bakin teburin na gaba, kamar mita ɗaya daga fuskar teburin ko sama kaɗan, yadda haske zai faɗo tsakanin idon yaro da hannunsa. In aka kai su can jikin bango za su riƙa dukan idonsa, in aka ja su baya an koma gidan jiya.

Ga yadda na samo shida, don ka iya sake lissafin in garejin maƙwabcinka ya bambanta. Hasken da ƙwai ke fitarwa ana auna shi da lumen, wanda ya sauka a kan kowace murabba'in mita kuma da luks. Wurin ajiye mota kawai, luks 75 zuwa 100 ya wadatar. Wurin da ake riƙe sifana ana so ya kai 300, kan tebur inda ake neman ƙaramin noti ko kwance kabireta kuma 500. Garejinka murabba'in mita 24 ne, sau 300 ya ba da lumen 7,200. Sai dai kusan rabin hasken ba ya isowa ƙasa: wani ya haura cikin kwano, wani bangon siminti ya shanye, wani ƙura ta tare, wani kuma tsufan ƙwan ya ci. Don haka nakan ninka, ya zama kusan 14,400. Neyon mai kyau mai wat 36 yana ba da lumen 3,350 yana sabo. Huɗu sun kai 13,400, biyun tebur kuma su cike giɓin su ƙara wa yaron abin da yake buƙata.

Ka lura na ce mai kyau. A nan arahar mai shagon take da ayar tambaya. Neyon biyu za su iya zama tsawo ɗaya, kauri ɗaya, duka an rubuta wat 36, amma ɗaya ya ba da 3,350 ɗayan bai wuce 2,500 ba. Bambancin yana cikin farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita, kuma a rubuce yake kusa da bakin neyon ɗin, lamba uku a jere. In ka ga 840 ko 865, sabuwar hoda ce. In ka ga 765 ko 640, ko /54 da /33 kamar yadda Philips ke rubutawa a tsofaffin nasa, tsohuwar hoda ce, wadda ta fi yawa a kwalayen araha. Lambar farko tana faɗin yadda launin abu ke fitowa a ƙarƙashin hasken: 8 na nufin ya haura 80 cikin 100, 7 da 6 kuwa ƙasa da haka. Biyun ƙarshe launin hasken ne kansa: 30 mai ɗan ja-ja ne irin na ɗakin kwana, 40 fari ne matsakaici, 65 kuma fari ne tas mai ɗan shuɗi-shuɗi. Da tsohuwar hoda shidan nan gaba ɗaya za su tafi wajen haskaka filin garejin, tebur bai samu komai ba, ga kuɗin wuta iri ɗaya.

Lambar farkon nan ba ta ƙawa ba ce. Mai gyaran moto da launi yake aiki ko bai sani ba: wayar ja da ta ruwan ƙasa a cikin damin wayoyi, launin bakin filogi da ke nuna ko mai ya yi yawa, baƙin mai da ya ƙone da wanda da sauransa. A ƙarƙashin 765 ja kan koma kamar ya kwana cikin toka. Mutanenmu sun fi son fari tas, suna ganin shi ne mai ƙarfi, ba kuma zan yi musu da ido ba. In haka kake so ɗauki 865. Ni dai 840 nake sa wa a nawa, don da dare bai cika gajiyar da ido ba. Abin da ba na so shi ne a gauraya su a ɗaki ɗaya. In kuma wata rana aka zo haɗa fenti, a fitar da abin waje a duba shi da rana, ya fi kowane neyon gaskiya.

Kafin ka sayi ko ƙwai ɗaya, ka sa a shafa wa bangon farar ƙasa ko farin fenti. Farin bango na mayar da kusan kashi 70 zuwa 80 na hasken da ya faɗa masa, siminti tsirara kuwa ko rabin haka da ƙyar. Bokitin farar ƙasa ya fi ƙarin neyon biyu amfani, kuma ba ya shan wuta.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka. Neyon ba ya kamawa kai tsaye daga waya. Akwai ƙarfen nan mai nauyi a cikin reglet, wato dogon gidan da ake maƙala neyon, wanda muke kira balas, abokan aikinmu na Jibiya da Katsina kuma suna ce masa cok, sai ɗan gwangwanin da ake murɗawa a gefe, wato sitata. Sitata ya ɗumama bakin neyon biyu sannan ya saki, balas ya yi masa naushin wuta ya kama, daga nan balas ya ci gaba da riƙe wutar kada ta yi yawa. Wannan tsohon tsari ne, mai ƙarko, mai sauƙin gyara, amma yana da aibu huɗu, kuma duka huɗun sun shafi garejinka.

Na farko shi ne wanda ya fi tsorata ni, saboda dutsen wasan da ka ambata. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka neyon mai tsohon balas yana dusashewa ya dawo sau 100 a kowace daƙiƙa, sau 6,000 ke nan a minti. Ido ba ya kama wannan a kan abin da ke tsaye. Amma dutsen wasa na tebur yana juyawa kusan sau 2,900 a minti, dab da rabin 6,000, sai hasken ya riƙa kama shi kusan a wuri ɗaya kowane zagaye. Ido sai ya ga kamar yana tafiya a hankali, ko yana komawa baya. Bayan an kashe shi ma, yana rage gudu, akwai lokutan da zai yi kamar ya tsaya cak alhali bai tsaya ba. Na taɓa kai wani yaro asibiti daga wani wurin walda da na je gyara a hanyar Dan Isa, ana ta ƙarar gurup, wato injin ba da wuta, ba a jin kukan dutsen, ya kai hannu zai share shi. Allah ya taƙaita, fatar yatsu biyu ce ta tafi. Ya rantse ya ga dutsen a tsaye, ni kuma na yarda da shi, don na ɗaga kai na ga abin da ke rataye a samansa. Balas na zamani, mara nauyi, wanda ba ya buƙatar sitata, yana kunna neyon fiye da sau dubu ashirin a daƙiƙa, wannan ruɗin ba ya faruwa. Saboda haka ko da ka sa tsohon balas a jeren mota, biyun tebur kam ban yarda ba.

Na biyu, kuran ɗin yamma. Ka san yadda take yi a watan Afrilu da Mayu in kowa ya kunna fanka da firji da na'urar sanyi: 220 ɗin da ya kamata a samu sai ya zube. Tsohon balas in wuta ta sauka ƙasa da 190 ko kusa da haka sai ya fara wahalar kamawa, sitata na ta ƙyas-ƙyas, neyon na ƙifta ido ba ya buɗewa. Kowace ƙiftawa cin ran bakinsa take yi, nan da nan ka ga ya yi baƙi. Kuma daidai wannan lokacin ne ɗanka ke aiki. Ƙara da injin walda: duk sanda ya ɗosana sandar walda a ƙarfe wuta za ta nutse, neyon ya mutu ya sake kamawa. A masana'anta ana auna rayuwar neyon ne a kan kunnawa ɗaya cikin awa uku, a haka yake kai awa dubu goma sha uku da tsohon balas, ko dubu ashirin da na zamani mai ɗumama baki kafin ya kunna. Wanda ke mutuwa yana tashi sau talatin a yamma ɗaya ba zai ga ko kusa da wannan ba. Maganin rabin wannan a hannun mai haɗa maka waya yake: layin fitilu daban tun daga allon rabon wuta, waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 da abin yanke wuta na amfiya 10, layin walda kuma daban da waya mai kauri.

Na uku, gurup. Tun abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, gidaje da yawa a garin nan suka koma dogaro da ƙaramin gurup ko hasken rana, kuma ko da wutar ta dawo ba wanda ya yar da nasa. Neyon mai wat 36 da tsohon balas yana cin kusan wat 45, don balas ɗin kansa yana ƙone kusan tara a zafi. Wannan shi ke zuwa a takardar kuɗin wuta. Amma abin da yake ja a waya amfiya 0.43 ne, in babu kwandansa, wato 'yar na'urar da ke rage wannan jan, a cikin reglet, kuma yawancin na araha babu. Shida sun ja amfiya biyu da rabi da ɗoriya, nauyin da gurup zai ji kamar an ɗora masa wat 570, ba 270 ba. Ƙaramin gurup sai ya fara nishi tun ba a kunna fanka ba, mai shi yana ta zagin mai gyara. Da injin mai da wutar batir zuwa ta gida ma haka ne, musamman masu araha, nan kuma har gurnani balas ke yi.

Na huɗu zafi, kuma wannan bai bar na zamanin ba. In ka karanta shawarwarin Turawa ko na Amurka kan hasken gareji za ka ga duk kukansu sanyi ne, wai neyon ba ya kamawa in ƙanƙara ta sauka. Mu iyakar abin da sanyi ke yi mana shi ne da asubahin Janairu ya tashi dishi-dishi na ɗan mintoci. Namu ciwon akasin haka ne. Neyon irin wanda muke magana a kai, mai kaurin milimita 26, wanda ake kira T8, ya fi ba da haske in iskar da ke kewaye da shi tana kan digiri 25. In ta kai 45 zuwa 50 yana iya rasa kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. A garin da inuwa ma ke haura digiri 40 a bazara, ka ƙiyasta abin da ke ƙarƙashin kwano da azahar. Balas kuma, tsoho da sabo, ƙa'idarsa ɗaya: duk ƙarin digiri 10 a kan iyakar da aka rubuta masa, rayuwarsa ta ragu da rabi. Don haka kada a ɗaure reglet a jikin katakon da ke manne da kwano. A sauko da shi da sarƙa ko ƙarfe kamar santimita 40 zuwa 50, iska ta riƙa bi ta bayansa. Wannan ɗan saukowar kuma ya kusanto da haske inda ake so. In akwai fankar sama, a tabbata neyon bai kasance a saman fukafukanta ba, in ba haka ba za ta riƙa yanka hasken har kai ya yi ciwo.

Akwai siririn neyon mai milimita 16, T5, wanda shi a digiri 35 ya fi haske, kamar don mu aka yi shi. Na so shi ƙwarai. Amma tsawonsa da bakinsa sun bambanta da na T8, ba ya shiga reglet ɗinsa, ba ya aiki sai da balas na zamani, kuma ranar da ya mutu za ka zagaye kasuwa kafin ka samu madadinsa. Tsohon mai kauri kuwa, T12 mai milimita 38, ko kyauta aka ba ka ka yi godiya ka bar shi.

Batun gidan neyon yana da ɗan ja-in-ja, ni kaina ba kullum nake tsayawa a wuri ɗaya ba. Reglet tsirara ya fi shan iska, ya fi araha, amma ƙurar hunturu na kwanciya a kan gilashin, ƙwarin damina na taruwa, zanzaro na gina gida a cikinsa, sannan ranar da yaro ya juya da dogon ƙarfe sai gilashi ya zubo masa a ka. Mai murfin roba da aka rubuta wa IP65 ya tare duk wannan, amma yana riƙe zafi. A wurin da ake wasa ƙarfe da walda, ni na fi karkata ga mai murfi, musamman a kan tebur, don garin ƙarfen da dutse ke watsawa in ya shiga cikin balas na zamani yana iya haɗa wuta. Ka duba murfin ya zama roba mai tauri da maƙallai na ƙarfe, don na roba zafi na cinye su cikin shekara biyu murfin ya riƙa reto. Ko wanne ka sa, a goge shi da ɗanyen tsumma duk wata a lokacin hazo, bayan an kashe wuta. Za ka yi mamakin hasken da ke dawowa.

To, LED fa? Mai shago na biyu bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai gama maganar ba. Neyon yana kan hanyar fita daga duniya. Tun 1938 da aka fara sayar da shi a Amurka yake mulki a masana'antu da makarantu, amma a cikin kowane ɗaya akwai ɗan zaiba, wadda guba ce. Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin T8 da T5 kasuwarta tun watan Agusta na 2023. A shekarar kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata kan zaiba, wadda aka sa wa hannu a Japan a 2013, suka amince a daina ƙera dogayen neyon na haskaka ɗaki da safararsu zuwa 2027. Ma'anar wannan gare mu ita ce masu kyau za su riƙa ƙaranci, abin da zai rage a shaguna ragowar kaya ne da na ƙananan masana'antu. Wataƙila ma dalilin arahar da aka yi maka tayi ke nan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

LED mai siffar neyon, santimita 120, yawanci wat 18 ne. Ba ya jiran sitata, kunnawa da kashewa ba sa cin ransa, da yawa an rubuta musu suna aiki tun daga wuta mai rauni ƙwarai, gurup ba ya jin nauyinsa sosai, ba zaiba. Shida in suna aiki awa shida kullum za su ci kusan kilowat-awa 19 a wata, neyon shida masu tsohon balas kuma kusan 49. Amma abin da mai shagon bai faɗa ba: na araha lumen 1,600 zuwa 1,800 yake bayarwa, rabin neyon mai 840. Abin da ke taimakonsa shi ne duk haskensa ƙasa yake fuskanta, ba ya ɓarnatar da rabi a cikin kwano, don haka a garejinka tazarar ba ta kai yadda lambobin suka nuna ba. Duk da haka, in masu 1,800 ne ka sa takwas maimakon shida, in ka samu masu 2,200 zuwa sama shida sun isa. Kwalin da ba a rubuta lumen a kansa ba, ajiye shi. Zafi kuma yana kashe LED kamar yadda yake kashe balas, har ma ya fi, don haka maganar saukowa daga kwano tana nan. Sannan wasu na arahar suna ƙiftawa sau 100 ɗin nan dai, ba su tsira daga ruɗin dutsen wasa ba. Gwajin ba wuya: a shagon ka sa a kunna, ka kaɗa biro da sauri a ƙarƙashinsa. In ka ga biron ya rarrabu kamar haƙoran matsefi, yana ƙiftawa. In ya zama shafi ɗaya sumul, ɗauka.

Da garejina ne, ga abin da zan yi. Zan sayi gidaje masu murfi na T8, masu bakin da ake kira G13, don neyon da LED duka suna shiga cikinsa. In na samu 840 ko 865 na gaske da balas na zamani mai sunan kamfani a jikinsa, a farashin da ya yi ƙasa sosai, zan sa, in sun mutu in juya gidajen zuwa LED. In kuwa abin da ke shagon 765 ne da balas mai nauyi da ba a san asalinsa ba, ba zan tsaya ba, LED zan sa tun yau. Wanda ke da tsofaffin reglet masu aiki a gida, shi ba na ce ya cire ya zubar ba, ya bar su a jeren mota har su ƙare.

Ranar juyawar, kada a bar wa yaron shi kaɗai ko da yana da hannu. LED iri-iri ne: wani ana barin tsohon balas a canza sitata da wani na musamman da ke zuwa cikin kwalin, wani ana cire balas a kai wuta baki ɗaya, wani kuma a kai waya ɗaya kowane baki. In aka haɗa wani a tsarin wani, ko ya ƙi kamawa ko ya yi tartsatsi. A bi zanen da ke jikinsa, a kuma rubuta a cikin gidan cewa an cire balas, don kada wani ya zo bayan shekara ya mayar da neyon a kan wuta tsirara.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna da haƙƙin rai. Makunni ya yanke wayar da ke ɗauke da wuta. In ka ga neyon na ɗan yin haske-haske cikin duhu bayan an kashe, yawanci an juya wayoyin ne, kuma mai canza ƙwai zai iya shan girgiza. Gidan ƙarfe a haɗa shi da wayar ƙasa, a kuma sa na'urar kariya mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta in ta zurara ta jikin mutum, a allon, tunda ƙasan gareji kan jiƙe in an wanke mota. A ƙarƙashin mota ba neyon ɗin sama da zai kai, wannan aikin fitilar hannu ce mai caji. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka kada a ja reglet mai sitata a ƙasa kusa da inda ake zuƙe tanki. Makunnai biyu ko uku nake so: jeren hagu da dama a ɗaya ko biyu, tebur a nasa, don mai shigowa ɗaukar mota da asuba ba ya buƙatar kunna shida.

In ka zauna da neyon, ga yadda za ka gane ciwonsa ba sai ka kira ni ba. Baki biyu sun yi ja amma tsakiya ba ta kama ba, sitata ne ya maƙale. Murɗe shi ka cire, sau da yawa neyon zai kama nan take, sai ka sa sabo, S10 ga mai wat 36. Baki ya yi baƙi ƙirin yana ƙiftawa, neyon ne ya tsufa, a cire shi da wuri kafin ya gasa balas, a canza shi tare da sitatansa. Gurnani da warin ƙonewa, ko sabon neyon ya ƙone da zarar an sa shi, balas ne. Wanda ya mutu kuma kada a jingine shi a bayan gida, don yara takobi suke mayar da shi, kada kuma a jefa shi cikin sharar da za a cinna wa wuta. In ya fashe a garejin, a buɗe ƙofa, kowa ya fita na kamar minti goma sha biyar, sannan a kwashe gilashin da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba, a ƙulle a leda biyu.

In za ka koma wurin mai shagon farko, ka tafi da biro a aljihu, ka ce ya zaro neyon ɗaya daga kwali ka karanta lambar da ke bakinsa, ya kuma buɗe maka bayan reglet ɗin ka ga balas da idonka.